Labarin Rada Kada Ya Zama Raɗa

Ya ku 'yan'uwa, masu rumfa a Kurmi da Rimi da Ƙofar Wambai, kowa ya san yadda hadarin farkon damina yake. Gabas ta yi baƙi, holoƙo ya taso, kafin ka ɗaure tabarma kwanon rumfa ya yi sama, atamfa ta sha ƙasa, gari ya jiƙe. Mu kan ce iska ba ta sallama. To, yau dai masu ilmi suna da abin da ke hango ta tun tana nesa, sunansa rada. Maganarmu a wannan mako ita ce, labarin da rada ta kawo a gaya wa talaka, kada ya tsaya a ofis.

Kano ta daɗe da sanin sharrin wannan iska. Ran 24 ga Yuni 1956 wani jirgin kamfanin BOAC ya tashi daga filin jirgin saman Kano cikin hadari, zai tafi Ingila. Tashinsa ke da wuya sai iskar da ke gabansa ta juya ta koma bayansa. Jirgi ya rasa ƙarfi, ya daki itace, ya kama wuta. Cikin mutum 45, 32 suka rasu. Irin wannan iska ce ta kā da jirgin Sosoliso a Fatakwal ran 10 ga Disamba 2005, rai 108 suka salwanta. Ita ce kuma ta kā da jirgin ADC a Abuja ran 29 ga Oktoba 2006, inda aka rasa mutum 96, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Allah ya jiƙansu.

Dalilin abin shi ne, iska mai sanyi ta kan zubo daga cikin gajimare kamar an juye tulu, in ta bugi ƙasa sai ta watsu ko'ina da ƙarfi. Wadda ta kā da jirgi da wadda ke yaye rumfa uwarsu ɗaya.

Yaya rada ke ganinta? Ta kan aika da sautin rediyo sama, ya bugi ɗigon ruwa ko ƙura, ya dawo kamar amsa-kuwwa. Ku lura da ƙahon mota: in tana zuwa muryarsa siririya ce, in ta wuce sai ta yi kauri. Wani Bature, Doppler, shi ya bayyana wannan a 1842. Da haka rada ke gane ko iska zuwa take ko tafiya, da kuma saurinta. Akwai wata iri da ake kafawa tana duban sama sak, tana auna iska hawa hawa, dare da rana. Balan-balan ɗin da ake saki don awo kuwa galibi sau ɗaya ko biyu ne a yini.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turai. A 2006, cikin wani babban binciken damina da ake kira AMMA, masana sun kafa rada a filin jirgin saman Yamai, nan maƙwabtanmu, suka bi hadari ɗaya bayan ɗaya. Hadarinmu daga gabas ya kan taso ya nufi yamma, yana gudun kamar mil 30 a sa'a, iska da ƙura suna gaba, ruwa na baya. Rada kuwa tana hango abin da ya fi mil 60. Ku yi lissafi da kanku: wajen sa'a biyu ke nan. Sa'a biyu ta ishi mai tebur ya kwashe kaya, mai rini ya sauke shanya, uwa ta kira yara gida.

A 2003 aka kafa hukumar yanayi ta ƙasa, watau NiMet, daga baya aka yi shirin rada shida, Kano na ciki. Hukumar ta kan fitar da hasashen damina kowace shekara, har da Hausa. Madalla, mun yaba. Amma hasashen shekara na mai shuka ne. Ɗan kasuwa labarin la'asar ɗin yau yake so.

Saboda haka muna neman abu uku. Na ɗaya, Gwamnati ta riƙa bayyana wa jama'a halin da kowace rada ke ciki, da abin da aka kashe a kanta, domin kuɗin haraji ne. Na biyu, a tanadi wuta da kayan gyara, a kuma koya wa 'ya'yanmu aikin, don na'urar da ba mai gyara ta gara babu ita. Na uku, duk gargaɗin da aka aika wa matuƙin jirgi, a sa'ar nan a aika shi gidajen rediyo da wayoyin shugabannin kasuwa, da Hausar da kowa zai gane.

Wani zai ce ruwa da iska na Allah ne. Haka ne, ba mu ja ba. Amma ilmin ma shi ya bayar, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mutum nawa ne cikin birni suka taɓa hawa jirgi? Rumfar kwano da ɗakin ƙasa kuwa duk muna ciki. An ce iska na wahalar da mai kayan kara, to mu ne masu kayan karan. Kowa ya kai maganar nan taron unguwarsu da ƙungiyar kasuwarsu, a tambayi wakilai tun hadari bai haɗo ba.