Ƙa'idar Nauyi Da Batun Sabon Injin Turai

A ran 31 ga watan Maris 2025 hukumar nan ta binciken ƙwayar zarra da ke kusa da Janeba, watau CERN, ta fito da rahoto a kan sabon injin da ta ke so a gina don gwara ƙwayoyi da juna. Ramin da za a haƙa masa a ƙarƙashin ƙasa zai zagaya kilomita 91, alhali na yanzu kilomita 27 ne, kuma kashin farko na aikin zai ci faran miliyan dubu 15 na Suwizalan. To, kafin gwamnatoci su buɗe baitulmali ya kamata a tambaya, shin akwai lissafin da ya nuna abin da za a samu?

Dalilin wannan tambaya shi ne, a dā akan sami irin wannan lissafi. A 1962 masana sun san wasu ƙwayoyi tara 'yan gida ɗaya, waɗanda nauyinsu ya ke hawa daki-daki. Da awon da su ke kira MeV, na farko wajen 1232 ne, na biyu 1385, na uku 1533, watau kowane mataki ya ɗara na baya da kimanin 150. Wani Ba'amurke, Murray Gell-Mann, ya dogara ga ƙa'idar da ake kira da sunansa da na Susumu Okubo, ya ce lalle akwai ta goma wadda ba a gani ba tukuna, nauyinta kuwa zai kai kamar 1680. Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san yadda jimla kan tona layin da aka tsallake. A 1964 aka ga ƙwayar a Brookhaven ta Amurka, bayan an ɗauki hotuna wajen 100,000. Sunanta Omega, kuma awon yau ya ba ta 1672.

Ƙwayar Higgs ba ta zo da wannan sauƙi ba. Peter Higgs ya yi bayaninta tun 1964, amma bayanin bai faɗi nauyinta ba, sai da aka yi ta lalube har 2012, sa'an nan aka same ta a CERN da nauyin kimanin 125,000. Duk da haka masana sun shiga neman da tabbacin cewa ita ko wani abu mai yin aikinta na nan inda injin zai iya kaiwa.

Yanzu fa babu wannan tabbaci. Babban bayanin da masana ke aiki da shi bai san abin da ya sa ƙwayar muwon ta fi elektaron nauyi sau 207 ba. Aunawa ake yi, a rubuta, a wuce. Akwai dai wata ƙa'ida mai ban mamaki da Yoshio Koide na Japan ya fito da ita a 1981, wadda ta haɗa nauyin elektaron da muwon da 'yar'uwarsu tau, ta ba da biyu bisa uku. Ta nuna nauyin tau zai zama 1777, awon wancan lokaci ya saɓa mata, sai a 1992 aka sake awo a Beijing ya dawo kan maganarta. Amma har wa yau ba wanda ya gano dalilinta, kuma ba ta nuna wata sabuwar ƙwaya da za a tafi nema ba.

Masu son aikin sun ce sabon injin zai auna Higgs da kyau fiye da yadda aka taɓa yi, kuma in akwai ɓaraka a bayanin yanzu nan za ta bayyana. A ganinmu wannan hujja ce mai ƙarfi, muddin an faɗe ta yadda ta ke, ba tare da yi wa masu biyan haraji alkawarin wata Omega ba. Amurka ta fara haƙa irin wannan rami a Texas, ta kashe wajen dala miliyan dubu 2, sa'an nan Majalisarta ta soke aikin a 1993 da kuɗin ya yi ta hauhawa. Ana sa ran ƙasashen da ke cikin CERN za su yanke tasu shawarar wajen 2028.