Humra a Kwandon Filin Jirgi



Yau maganar jakar hannu za mu yi, jakar da mace ke ratayawa ta hau jirgin sama da ita, da kayan kwalliyar da ke ciki. Wani zai ce ana fama da tsadar rayuwa, shi ne za a zauna ana zancen hoda da jan baki? To ai saboda tsadar ne ma. Duk wanda ya san kuɗin kwalbar humra mai kyau a yau, irin wadda matan Maiduguri ke haɗawa su bar ta makonni tana tsumuwa, ya san ba ƙaramar asara ba ce a ce mace ta ajiye ta a kan tebur ta wuce.

Kuma abin da ke faruwa ke nan. Ku tsaya a layin bincike lokacin Umarar azumi, a Kano ne ko Abuja ko Yamai, ko a Jidda ranar dawowa. Jaka ta shiga na'ura, jami'i ya janye ta gefe, ya zuge, ya zaro kwalba. "Hajiya, wannan ba za ta wuce ba." Ita kuma ta shiga rantsuwa: "Wallahi turare ne, ɗana, buɗe ka shinshina." Ya san turare ne. Girman kwalbar ne ya wuce ƙa'ida. Babban akwatinta ya riga ya shige, 'yan rakiya sun kama hanyar gida, ana ta kiran fasinjoji. Haka za ta bar ta, idonta ya ciko da hawaye.

Ba na ganin laifin jami'in, aikinsa yake yi. Ba na ganin laifin Hajiya. Laifin yana wuyan wanda ya karɓi kuɗinta ya yanka mata tikiti, ya nemo mata biza, ya kama mata masauki, amma bai gaya mata ba. Bai gaya mata ba, jama'a, alhali maganar ba ta fi minti biyu ba.

Dokar nan ba jiya aka kafa ta ba. A watan Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo wani shiri na tarwatsa jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada, da sinadarai masu ruwa da aka yi niyyar ɓoyewa a robobin lemo. Tun daga nan filayen jiragen duniya suka taƙaita abin ruwa a jakar hannu: kowane mazubi kada ya wuce mililita 100, wato kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata, kuma dukkansu su shiga leda guda mai zif, wadda ake ganin cikinta, mai cin lita ɗaya. Leda ɗaya ga mutum ɗaya. Akwai ejan ɗin da zai ce bai san wannan ba? Ya sani sarai. Bai gaya mata ba ne kawai.

Inda mata suka fi faɗawa shi ne, mazubin ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalba mai cin mililita 200, ko da ɗan kaɗan ya saura a gindinta, ba za ta wuce ba. Sannan abin da jami'i ke kira ruwa ya fi abin da mu muke kira ruwa faɗi. Duk abin da ake zubawa, ko a matso, ko a fesa, ko a lakato da yatsa a shafa, ya shiga lissafi. Man shafawa ya shiga. Man kaɗanya da ake cika roba da shi saboda bushewar fata a Saudiyya ya shiga. Kwaɓaɓɓen lalle, dilka, man kitso, man goge baki, fandeshan mai ruwa, maskara, man leɓe mai sheƙi, jan farce, duk sun shiga. Jan baki na sanda, jagira, hodar da ke a daskare cikin gwangwaninta, busasshen kwalli, waɗannan ba ruwansu da ledar. Garin lalle mai yawa da turaren wuta kuwa, a zuba su a babban akwati a huta da tambayoyi. Mai zuwa Amurka ma ta sani, tun 2018 duk gari da ya wuce mililita 350 a jakar hannu ana iya tsare shi a sake bincike. Reza da babban almakashi su ma akwati. Magani da abincin jariri an yi musu sassauci, sai dai a fito da su a nuna.

Shi ma babban akwatin yana da iyaka, kuma wannan ga 'yan kasuwarmu ne masu saro turare daga Dubai. Turare da kayan feshi na amfanin kai, kowace kwalba kada ta wuce rabin lita, jimillarsu kada ta wuce lita 2 ga mutum guda, domin abubuwa ne masu kama wuta. Abin da ya haura haka hanyar kago zai bi. Wadda kuma ta sayi turare a kantin cikin filin jirgi, kada ta yage ledar da aka liƙe mata, kada ta yar da rasit, musamman idan za ta sauya jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul, inda za a iya sake bincike. Gaskiya ne wasu filaye a Turai sun fara sassautawa saboda sababbin na'urori, amma sassaucin can ba zai cece ki a inda kika yada zango ba.

To ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Idan aka tsayar da mace da kwalabe fiye da ƙima, me takan yi? Sai ta juya ga ta bayanta: "'Yar'uwa, don Allah riƙe mini wannan, in mun wuce na karɓa." Ita kuma saboda kara, saboda an taso da cewa ba a ƙin taimakon matafiyi, sai ta karɓa ta jefa a jaka. Ba ta san matar ba. Ba ta san abin da ke cikin robar ba. Haka ma saƙon da ake kawowa gida daren tafiya, a naɗe da salatif, wai man gashi ne a kai wa wance a Makka. Iyayena mata, ƙannena, ina roƙonku da girman Allah ku daina. Duk abin da aka samu a jakarki naki ne a idon hukuma, kuma hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Robar man shafawa na daga cikin wuraren da miyagu ke ɓoye kayansu, domin sun san ba kowa zai tona ta ba. Saƙon da ba a buɗe a gabanki ba, ki ce a yi haƙuri. A ji haushinki na kwana biyu ya fi a neme ki a rasa. Shi ma wannan gargaɗin, wa ya kamata ya yi mata shi tun kafin ta ɗaure kaya? Wanda dai ya karɓi kuɗinta. Bai gaya mata ba.

Ku masu shirya tafiye-tafiye, da ku masu yi wa maniyyata bita, kuna da lambar wayar kowace fasinja. Da ita kuke tuna mata cikon kuɗi. Ku yi amfani da ita ku tura saƙon murya da Hausa ta WhatsApp, domin da yawa daga cikin iyayenmu ba sa karanta takardar Turancin da ke manne da tikiti. A wurin bita a ɗaga leda mai zif sama kowa ya gani, a ɗaga kwalbar mililita 100 kusa da ita. A ce musu su juye humra kaɗan a ƙaramar kwalba, kada su cika ta fal, domin iskar cikin jirgi takan sauya a sama ta sa murfi ya yi yoyo. Sauran a ɗaure bakinta da leda, a naɗe cikin zane, a sa tsakiyar akwati. A kuma tuna wa wadda za ta wuce Makka da harami cewa ba ta da buƙatar turare a hannu sai ta sauke ibadarta. Ledar nan mai zif kuwa, ejan ya saya ya haɗa wa kowace mace da fasfonta ranar da ta zo karɓa.