Shaye-shaye cuta ce ko laifi? Muhawarar allura a yammacin Kano

A garuruwa irin su Gwarzo da Kabo da ke yammacin jihar Kano, idan magidanci ya gano ɗansa ya faɗa shaye-shaye, ƙofofin da ke gabansa ba su da yawa. Ko dai ya kai shi wajen malam, ko ya haɗa shi da 'yan Hisba ko jami'an hukumar NDLEA, ko kuwa ya haɗa kuɗin mota su nufi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau.

Ƙofar da zai ƙwanƙwasa ta danganta ne da amsar da ya bai wa wata tsohuwar tambaya: shin yaron nan mara lafiya ne, ko kuwa kangararre ne?

A 'yan shekarun nan wata tambayar ta biyo bayan wannan, wadda ta fi ta zafi. A shekarar 2020 Najeriya ta fara gwajin wani shiri na bai wa masu yi wa kansu allurar ƙwaya sababbin allurai da sirinji kyauta, a karɓi tsofaffin da suka yi amfani da su. An fara ne a jihohin Abiya da Oyo da Gombe, da tallafin asusun Global Fund, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu jihohi. Ga mutane da dama a arewacin ƙasar, wannan tamkar miƙa wa ɓarawo tsani ne.

Girman matsalar

Babban binciken da ake dogaro da shi shi ne wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, aka kuma fitar a farkon 2019. Ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Ɗaya daga cikin kowane huɗu a ƙasar mace ce.

To sai dai, a ƙiyasin wannan binciken, masu yin allura ba su wuce 80,000 ba a duk faɗin ƙasar, wato ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu shaye-shayen ba. Abin da ya fi yawa a ƙasar Kano shi ne wiwi, da tiramol, da sholisho, da kuma maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da shi a watan Mayun 2018. Don haka duk wanda ya ɗauka raba allura zai magance shaye-shaye a Getso ko a Garo, ya yi kuskuren lissafi tun daga tushe.

Amma ƙarancin yawansu bai rage haɗarinsu ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na manya a Najeriya ne ke ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Wani binciken da aka yi a 2020 ya gano kusan kashi 11 cikin 100 a tsakanin masu allurar ƙwaya, alhali a 2014 adadin bai kai kashi 4 ba. Allura ɗaya da ta zagaya hannun mutum biyar tana ɗauke da jinin su biyar ɗin, kuma ciwon hanta nau'in C ya fi HIV saurin bin wannan hanya.

Cuta ko zaɓi

Masu cewa cuta ce suna da hujjar kimiyya. A 1997 Alan Leshner, shugaban cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka a lokacin, ya yi wani rubutu da ya shahara inda ya kira kamuwa da ƙwaya ciwon ƙwaƙwalwa. Hujjarsa ita ce yawan sha yana sauya yadda sassan ƙwaƙwalwa masu kula da jin daɗi da kame kai suke aiki, har mutum ya kai matakin da yake sha domin guje wa azabar rashin sha, ba domin nishaɗi ba. Wani nazari da aka buga a 2000 ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani suna komawa ruwa, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ke sakaci da maganinsu ba.

Akwai kuma misalin da ya fi kusa da gida. Likitoci a Najeriya sun sha ba da rahoton masu cutar sikila da suka kamu da allurar pentazocine, wadda aka fi sani da penta, bayan an fara yi musu ita a asibiti domin rage raɗaɗin ciwo. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa, da wuya a ce abokan banza ne suka ja shi.

Ɗaya ɓangaren ma ba hannu rabbana yake ba. Masana irin su Gene Heyman da Marc Lewis sun yi jayayya da kalmar cuta, kuma hujjar da aka fi kawowa ita ce ta sojojin Amurka a Biyetnam. Binciken Lee Robins ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na ƙananan sojoji sun kamu da hodar heroin da dangoginta a can, amma da suka koma gida kashi 5 cikin 100 nasu ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko. Sauyin wuri, da iyali, da aikin yi sun yi abin da ba a tsammani. Babu wanda ciwon sukari ya sake shi don ya sauya gari.

Abin lura shi ne wannan hujja ba ta goyi bayan bulala da mari ba. Abin da ta nuna shi ne muhalli da sana'a suna da tasirin da ya kai na magani, wanda kuma ya shafi matashin da ke zaman kashe wando daga ƙarshen kaka har faɗuwar damina.

Malamai kan tunatar da cewa Musulunci ya riƙe ɓangarorin biyu a lokaci guda. Maye haramun ne kuma akwai hukunci a kansa, amma haramcin giya ya sauka ne daki-daki. Haka kuma Bukhari ya ruwaito labarin mutumin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, aka hukunta shi, amma da wani ya tsine masa sai aka hana, aka kuma shaida cewa yana son Allah da Manzonsa.

Abin da Kano ta gwada

A aikace, Kano ta fi gwada hanyar tsarewa. Dokar da ta kafa NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mai amfani da hodar ibilis da makamantanta, ko da yake hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma ta ƙara ba shi muhimmanci tun zuwan Buba Marwa a 2021.

Inda hukuma ba ta kai ba, gidajen mari ne suka cike gurbin shekara da shekaru. Asirinsu ya tonu a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane cikin sarƙa daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, sannan a Daura da Katsina, abin da ya sa gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe nata. Mafi yawan waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su, suka kuma biya kuɗi. Ba mugunta ce ta kai su ba, rashin mafita ne.

Ga mutanen Kabo da Gwarzo, cibiyar gwamnati da aka fi sani a kusa ita ce ta gyaran tarbiyya da ke Ƙiru, wadda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a zangonta na 2011 zuwa 2015. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf da ta hau mulki a 2023 ta sanar da farfaɗo da ita, tana mai cewa an yi watsi da ita a shekarun da suka shiga tsakani. Cibiyar da rayuwarta ta rataya a kan sakamakon zaɓe ba za ta iya kula da ciwon da ke tashi bayan shekaru ba.

A nan ne maganar cuta ke gamuwa da cikas. Ƙananan hukumomin biyu suna da mutum sama da 330,000 tun a ƙidayar 2006, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba a ƙiyasin ƙungiyarsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta zama gadon asibiti. A ce wa uba ɗansa mara lafiya ne ba tare da an nuna masa inda zai kai shi ba, an sauya wa matsalar suna ne kawai.

Allura ba ta jiran amsa

Shirin musayar allura bai dogara da wanda ya yi nasara a waccan muhawara ba, kuma tarihinsa ya nuna haka. A farkon shekarun 1980 an matsa wa masu sayar da allura lamba a birnin Edinbura na Skotland, masu shan heroin suka koma karɓa-karɓa, kafin 1986 aka gano kusan rabin waɗanda aka gwada a wani asibiti sun kamu da HIV. Gwamnatin Margaret Thatcher, wadda ba a san ta da sassauci ba, ita ce ta buɗe cibiyoyin musayar allura a 1987.

A jihar Indiyana ta Amurka, gwamna Mike Pence yana adawa da shirin, amma ya ba da izininsa a 2015 bayan cutar ta ɓarke a gundumar Scott, inda sama da mutum 200 suka kamu. A 2021 hukumomin gundumar suka kaɗa ƙuri'ar rufe shi. Ko a can ba a gama gardamar ba.

Ƙasashen Musulmi ma sun bi wannan hanya. A 2005 shugaban ma'aikatar shari'a ta Iran, Ayatullah Mahmud Hashemi Shahrudi, ya umarci alƙalai kada su kawo wa masu raba allura da maganin methadone cikas. Malesiya ta fara nata shirin a 2006, lokacin da fiye da rabin sababbin masu kamuwa da HIV a ƙasar masu allura ne, kuma kafin 2020 kasonsu ya koma ƙasa da kashi 10 cikin 100. Malaman da suka amince sun kafa hujja da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu. Waɗanda suka ƙi sun kafa tasu da hanin taimakekeniya a kan saɓo.

Damuwar masu adawa ita ce shirin zai ƙara yawan masu sha. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2004 bai samu gamsasshiyar shaidar hakan ba. Ƙari a kan haka, sirinji ba abu ne mai wuyar samu a kemis ba, don haka abin da shirin ke sauyawa shi ne ko za a yi amfani da allurar sau ɗaya ko sau goma, da kuma ko za a yar da ita a bola inda yara ke tsince-tsince.

Akwai dai wata matsala da ta keɓanta da ƙaramin gari. A Gwarzo ko Kabo kowa ya san kowa, kuma wanda aka gani yana karɓar allura ya gama tona wa kansa da zuriyarsa asiri. Shirin da ya yi aiki a lungunan Ibadan ba lalle ne ya samu mai zuwa ba a garin da ma'aikacin lafiya maƙwabcin surukinka ne, sai fa idan an saje shi da sauran ayyukan asibiti.

Jihar Kano kanta ta riga ta amince cewa cutar da ke cikin jinin mutum ɗaya ba tasa ba ce shi kaɗai. A watan Mayun 2024 gwamnan jihar ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da nau'in jini kafin ɗaura aure. Dokar tana kare amaryar da ba a kai ɗaki ba tukuna. Matar da ta shekara biyar a gidan mijin da ya fara allura bara, da jaririn da take shayarwa, ba sa cikin waɗanda gwajin ya shafa.