Maiƙon Fuska Ba Ƙazanta Ba Ne

'Yan uwana ɗalibai, akwai wani yaƙi da muke yi da fatarmu wanda a ganina ba riba a cikinsa. Da ƙurji ya fito, ko kyasbi ya yi wa mutum zane a wuya, sai a garzaya kemis. Mu da ke zaune a Abakpa da Unguwar Shanu mun san yadda abin yake: ka nuna fuska, a miƙo maka tub, ka biya, shi ke nan. Ba gwaji, ba tambaya.

To, ita fata tana da sinadaranta masu sarrafa kitse, kuma da su take gina katangar da ke riƙe ruwa ta tare ƙwayoyin cuta. Sun fi aiki idan fata na da ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin pH. Sabulun wanki kuwa yana kai 9 zuwa 10. Ka dirje fuska da shi sau uku a rana, ai ka kori masu gadi ne da hannunka.

Kyasbin nan ma da maiƙo yake rayuwa. Ƙwayar da ke kawo shi, Malassezia, ba ta iya haɗa kitsen da take buƙata, sai ta saki sinadarin laifes ta narkar da namu ta ci. A ɗakin gwaji, ɗan kankare fata kaɗan a duba a madubin likita ya isa a gane ta. Amma idan an riga an shafa man da ke da sitiroyid, ja da ƙaiƙayi za su lafa, cutar ta ɓuya ta ci gaba da yaɗuwa, likita kuma ya sha wahalar gane ta. Haka yake faruwa da makero.

Wasu za su ce, kai malam, kuɗin kati da layin asibiti fa? Gaskiya ne, aljihun ɗalibi ba nauyi. Sai dai a lissafa tub nawa ake saye a zango ɗaya, a haɗa da fatar da ta yi siriri ta koma kamar leda. Ba banza NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba.

A Ingila, masu bincike a Jami'ar Manchesta sun nuna a 2019 cewa maiƙon da aka goge daga bayan mutum yana ɗauke da alamun cutar Fakinsan. Abin da muke kankarewa da ƙyama, wasu shaida suke nema a cikinsa.

Roƙona biyu ne. Ƙungiyar ɗalibai ta gayyato likitan fata, ko sau ɗaya a zango, ya duba mu a harabar makaranta. 'Yan SLT kuma, maimakon kwafo tsohon furojet, ku auna pH na sabulan da ake sayar mana, ku liƙa sakamakon a allon sanarwa kowa ya gani.