Sharhi: Kuɗin Tara da Kitsen da Ke Taruwa a Jinin Yara

A Malam Madori da sauran garuruwan masarautar Haɗeja, yaron da ya fi sa'o'insa jiki yabo yake sha. Sai ka ji ana cewa, "Tubarkalla, ɗan hutu ke nan." Ba za a ga laifin iyaye ba, domin yunwa ƙasar nan ta fi sani. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Sai dai ƙiba ma ta kunno kai a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa miliyan 160 masu shekara 5 zuwa 19 ne ke da ƙiba mai illa, wato kashi 8 cikin 100, alhali a 1990 kashi 2 ne kacal.

Ɓarnar a cikin jini take. Ɗalibi ya kashe kuɗin tara a fanke da cincin da lemon kwalba, ya koma gida ya tarar da taliya sharkaf da mai. Rarar sukarin nan hanta ce ke mayar da ita kitse. Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi ya ƙara nasa. Kitse mai cutarwa ya hau, mai amfani ya sauka, a hankali ya riƙa manne wa jijiyoyin jini. Yaron ba ya jin ciwon komai, gwajin jini kaɗai ke tona asirin. Sai girma ya zo, ciwon suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su biyo baya. Abin da ya fi tayar da hankali, yaron da ya tsumbure yana ƙarami, idan ya yi ƙiba daga baya, haɗarinsa ya fi yawa.

A ɓangaren gwamnati kuwa, harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo bai taka kara ya karya ba.

Amma mafita na kusa: ga fadamar Haɗeja cike da kifi, gonaki na ba da wake da gyaɗa da riɗin da ake lodawa zuwa ƙasashen waje. Ɗanwake, kwaɗon zogale ko dafaffiyar gyaɗa sun fi biskit riƙe cikin yaro. Ya kamata shugabannin makarantu su zauna da masu talla a bakin ƙofa kan abin da ake sayarwa, a kuma dawo da wasan motsa jiki. Iyayen da ɗansu ke haki daga ɗan gudu su kai shi Babban Asibitin Haɗeja a auna nauyinsa da jininsa.