Masu Keta Sahara, A Koma Wa Ilimin Madugai

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda samarinmu ke faɗa wa hamada da ka, ba shiri ba tanadi.

Kwanan baya wani yaro ɗan maƙwabcina a nan Ƙofar Marusa ya zo yi mini sallama, wai zai tafi Libiya neman kuɗi. Na tambaye shi ruwa nawa zai ɗauka, ya ce direba ya ce kowa ya riƙe galan guda. Na ce kwana nawa ne daga Agadas zuwa Dirku? Bai sani ba. In mota ta lalace fa? Ya ce Allah na nan. Haƙiƙa Allah na nan, amma ai an hore mu da mu ɗaure raƙumi tukuna sannan mu yi tawakkali.

Ni ba zuga kowa nake yi ba, da so samu ne su zauna gida. To amma wa'azin "kada ku je" an yi shi har an gaji. Nijar ma ta kafa doka a 2015 ta hana safarar mutane, sai direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya inda babu rijiya, har aka soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Tunda tafiyar ba ta fasu ba, ai gara a koya wa mai tafiya yadda zai isa da ransa.

Kakanninmu fatake sun keta wannan hamada, amma ba haka kawai suke tashi ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba wanda ya san kowace rijiya da kowane zango, yana karanta taurari da dare. Ayarin gishiri na Bilma sai zafi ya sauka, wajen Oktoba ko Nuwamba, yake tashi. Ana ƙidaya salka daidai da kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya, a ƙara na ko-ta-kwana. Yau kuwa mutum zai tashi a watan Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 45, da ɗan galan a hannu kamar mai zuwa Jibiya cin kasuwa.

Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, kan hanyar Aljeriya, 52 daga cikinsu ƙananan yara, akasarinsu 'yan'uwanmu ne daga yankin Kance na Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, mutane suka warwatsu neman ruwa, ƙishirwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A 2017 ma mutum 44 sun rasu haka tsakanin Agadas da Dirku.

Saboda haka ga abin da na gaya wa yaron nan. A cikin zafin hamada, ko kana zaune a inuwa, lita 5 a rana ba ta yi maka yawa ba, balle kana tafiya a ƙasa. Ka lissafa kwanakin hanya, ka ninka biyu, wannan shi ne ruwanka. Ka raba shi jarka biyu don kada ɗaya ta fashe, ka naɗe su da buhu yadda 'yan Agadas ke yi. Kada ka yi ta ƙwauron ruwa har ka galabaita. In fitsari ya yi ja, kai ya fara sara, to jiki na kira ne. A riƙe gishiri da sukari da dabino. Kuma kada zafi ya sa ka tuɓe riga. Dubi Buzu mana, rawaninsa da babbar rigarsa ba ado kaɗai ba ne, suna tare rana, suna riƙe masa gumi.

Babban abin shi ne in mota ta mutu, kada a bar ta. Mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum ɗaya a cikin rairayi. A yi inuwa a zauna, a ƙona tsohuwar taya don hayaƙi. In tafiya ta zama dole, sai da dare ko da asuba, kuma a tare. Kafin a tashi a tambaya: mota nawa za su yi ayari? Direba na da wayar tauraron ɗan'adam? Domin wayar da ke aljihunka ba ta da amfani a can. A kuma gaya wa na gida ranar tashi da ranar da ake sa ran isa.

Ina kira ga gidajen rediyonmu, da limamai, da masu unguwanni, da shugabannin direbobi a tashoshin mota, su riƙa faɗa wa jama'a waɗannan abubuwa ƙarara. Shi dai yaron ya tafi da jarka biyu da rawanin da na ba shi. Yau mako uku ke nan mahaifiyarsa na jiran waya.

Naku mai karatu,
Ƙofar Marusa, Katsina.