Direba Ake Yi Wa Tafi, Amma Wa Ya Ƙera Motar?

Akwai wani tseren motoci da ake kira Formula 1, wanda ya fi kowane tseren mota daraja a duniya. In mota ta ci, direba ake ɗagawa, kamar yadda a wurinmu ake yi wa mahayi kirari ran sukuwa, a manta da wanda ya yi kiwon dokin. To, yau muna so mu jawo hankalin malaman makaranta da na ofis ga labarin wani mutum wanda ba shi ne ke tuƙi ba, amma mota ba ta ci sai da shi.

Sunansa Mauro Forghieri, mutumin Modena ta ƙasar Italiya, an haife shi cikin 1935. Ubansa ma'aikacin hannu ne, mai sassaƙa ƙarfe da inji a kamfanin Ferrari. Yaron ya yi karatun aikin injiniya a Jami'ar Bolonya, ya gama cikin 1959, sa'an nan ya kama aiki inda ubansa yake. Cikin 1961 manyan injiniyoyin kamfanin suka sami saɓani da mai shi, Enzo Ferrari, suka rabu da shi gaba ɗaya. Sai aka ɗora wa wannan saurayi shugabancin ƙera motocin tsere, ko shekara talatin bai cika ba.

Bai ba da kunya ba. Daga 1964 zuwa 1983 motocinsa sun ci wa kamfanin gasar duniya sau bakwai, direbobinsa kuwa sun zama zakaru sau huɗu: John Surtees cikin 1964, Niki Lauda cikin 1975 da 1977, da Jody Scheckter cikin 1979. A motar 1975 ya kwantar da giyabos a gicciye, domin nauyi ya tattaru wajen tsakiyar mota, ta fi jin daɗin shan kwana. Irin wannan dabara ba ta zuwa sai ga wanda ya iya lissafi, ya kuma san halin ƙarfe. Ya rasu cikin 2022.

Yanzu mu dubi kanmu. Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Tsafe ta ratsa Gusau ta nufi Bungudu ya ga garejoji cike da yara masu koyon kanikanci. Yaya suka je can? Galibi yaron da karatu ya gagara shi ake turawa gareji, mai ƙwazo kuwa a ce ya jira aikin ofis. Watau mun raba ilimi da hannu. Sakamakon haka shi ne makaniki mai gyara da cinta, da mai takardar shaida wanda bai taɓa riƙe sifana ba. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Watakila wani ya ce, ina ruwanmu da tseren Turawa, mu da ba mu ƙera mota? Gaskiya ne, ba tsere ne damuwarmu ba. Amma muna da motocin tan-tan, da famfunan ban-ruwa, da injunan niƙa, waɗanda in sun lalace noma da abinci ke tsayawa.

Saboda haka muna roƙon malamai abu uku. Na farko, a koyar da lissafi da awo a kan abin da yaro zai taɓa da hannunsa. Na biyu, in an ga yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana son ƙarfe, kada a hana shi, a nuna masa hanyar makarantun fasaha, irin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Na uku, a buɗe wa yaran gareji ajin yamma.

Ku kuma malaman ofis, kada ku ji kunya in ɗanku ya zaɓi rigar maiko. Abin kunya shi ne injin garinku ya mutu, a rasa mai tashinsa.